Yadda ake mayar da tsohuwar salula kuɗi a Yamai ba tare da an sayar da sirri ba

Ranar da muke kwashe kaya daga gidan hayarmu na Bukoki, uwargida ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ta zazzage a tabarma. Sai ga salula har bakwai: Nokia ƙarama mai tocila, Itel biyu masu maɓalli, Tecno mai fasasshen ekran (gilashin fuskar waya), Samsung wadda ta taɓa faɗawa bokitin wanki, Infinix da aka ajiye lafiyarta ƙalau don an samu sabuwa, da wata da batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfi. Wani ɗan gwangwan da ke wucewa da kurarsa ya leƙo ya ce, "Alhaji, a haɗa mini duka, jika ɗaya da rabi." Saura kaɗan in sallama. Abin da ya hana ni shi ne na tuna hotunan sunan ɗiyarmu suna cikin Tecno ɗin nan, kuma ban san abin da ya rage a cikin sauran ba.

Abin da na koya a mako biyun da suka biyo baya shi ne tsohuwar waya farashi uku gare ta, gwargwadon ƙofar da ka kai ta. Akwai farashinta a matsayin waya mai aiki, akwai farashinta a matsayin kayan gyara, akwai kuma farashinta a matsayin ƙarfe da ake aunawa a sikeli. A Turai da Amurka akwai kamfanonin da kake shigar musu da samfurin wayarka a intanet, su faɗi kuɗi, ka aika ta gidan waya, su biya ka ta banki. Mu a Yamai aikin nan ƙafa ke yin sa: masu sayar da okaziyo, wato wayoyin da aka riga aka yi amfani da su, masu gyara, da ƴan gwangwan. Wanda ya kai waya mai rai ƙofar sikeli ya yi asara da hannunsa.

Fara da rarrabewa

Ka tara su duka wuri guda, ka sa kowace a caji na aƙalla rabin awa da sharja mai kyau kafin ka yanke mata hukunci. Batirin da ya shekara babu wuta yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna alamar rai. Wadda ta ƙi, ka haska ramin cajinta da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna dunƙulewa a ciki har kan sharja ya kasa shiga sosai, mutum ya ɗauka waya ta mutu. Ka kashe ta, ka sa tsinken sakace na itace ka zaro dattin a hankali. Kada ka sa allura ko wani ƙarfe. Ɗaya daga cikin Itel ɗina da wannan kaɗai ta farfaɗo.

Wadda batirinta ya kumbura kuwa, kada ta kusanci caji ko kaɗan. Ka ware ta, za mu dawo kanta.

Daga nan sai kashi uku: masu aiki lafiya, masu kamawa amma da aibi (ekran ya fashe, ba a jin magana, ba ta riƙe wuta), da matattu. Ka rubuta samfurin kowace a takarda. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, don Tecno iri-iri ce, kuma mai gyara lambar samfuri yake tambaya. Tana cikin parametir, wato saitin waya, a wurin bayanin waya, ko a ƙarƙashin batiri idan mai cirewa ne, ko a jikin kwali.

Kwashe naka kafin komai

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, don abin da ke cikin wayar ya fi wayar daraja. Lambobin mutane tukuna: ka duba ko suna ajiye a asusunka na Google, ko a katin sim, ko a cikin wayar kanta. Waɗanda ke cikin wayar su ne ke tafiya da ita, sai ka kwafe su zuwa asusu ko zuwa kati. Hotuna da bidiyo ka tura su sabuwar waya, ko kwamfuta, ko katin memori. Kada ka yarda da cewa sun tafi sai ka buɗe su a can ka gani da idonka.

WhatsApp na da nasa tsarin. Ka shiga wurin ajiyar hira ka yi sabuwar ajiya zuwa Google Drive, ko iCloud idan iPhone ce, sannan ka buɗe WhatsApp ɗin a sabuwar waya da lambarka, ka tabbata hirarrakin sun dawo. Da zarar lambar ta hau sabuwa a matsayin babbar waya, tsohuwar takan fita da kanta, amma hotuna da saƙonnin murya da aka riga aka sauke suna nan kwance cikin rumbunta. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa, su ɗauka fita daga WhatsApp ya share komai.

Sai maganar kuɗi. Idan kana amfani da Airtel Money, Moov Money, Zamani Cash, MyNita, ko manhajar bankinka, ka fita daga kowace, ka tabbata tana aiki a sabuwar wayar. Ka duba wurin rubuce-rubuce da saƙonni, domin da yawanmu nan muke adana lambobin sirri da hoton katin ɗan ƙasa, wani ma har da hoton takardar fili.

Bayan haka ka zare katin sim da katin memori. Ka duba ramuka biyun, don wayoyinmu galibi masu layi biyu ne kuma na biyun ake mantawa. Layi da sunanka aka yi masa rajista, duk abin da wani ya aikata da shi ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Fita daga asusu, sannan gogewa

Jerin nan kada a juya shi. Tun daga Android 5.1, wadda ta fito a 2015, akwai kariyar da ke sa waya ta nemi asusun Google na mai ita na baya idan aka goge ta ta bayan gida, wato da maɓallan gefe, alhali asusun na ciki. An yi abin don ɓarayi, amma yana kama mai gaskiya idan ya yi gaggawa. Mai saye ya kunna, waya ta tsaya tana neman adireshi da kalmar sirrinka, sai ya dawo maka da ita, ko ya ce a rage kuɗin buɗewa. Don haka ka shiga parametir, wurin asusu, ka cire na Google da hannunka. Mai Samsung ya cire asusun Samsung shi ma. Ka cire makullin ekran, zane ne ko lamba ko yatsa.

Na iPhone ya fi tsanani. Tun iOS 7 a 2013 Apple ta sa makullin da ke ɗaure waya da asusun iCloud, kuma iPhone da aka sayar a ɗaure, kayan gyara kawai ta zama. Ka kashe aikin neman waya, ka fita daga iCloud, sannan ka goge.

Yanzu sai gogewar kanta, abin da masu gyara ke ce wa fomate: a cikin parametir, ka nemi inda ake mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, ka zaɓi share komai. Wayar ta kasance da caji fiye da rabi, don kada ta mutu a tsakiyar aiki. Idan ta gama, ka kunna ka bi matakan farko ba tare da ka sa wani asusu ba, ka ga ta kai ka har babban shafi. Idan ta kai, ta fita daga hannunka da tsabta.

Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama, da iPhone, suna rufe bayanansu da mabuɗin sirri, gogewa kuma tana hallaka mabuɗin, shi ke nan. Tsofaffi sosai ba duka ke haka ba, kuma akwai manhajojin da ke tono abin da aka share. Dabarar da nake yi mai sauƙi ce: bayan gogewar farko sai in jingine wayar tana ɗaukar bidiyon bango har rumbunta ya cika, in sake gogewa. Duk mai tonowa bangon gidana zai samu. Ƙananan masu maɓalli kuwa, ka share saƙonni da lambobi da tarihin kira ɗaya bayan ɗaya kafin ka mayar da su saitin kamfani, don a wasu mayarwar ba ta taɓa waɗannan.

To, wadda ba ta kamawa fa?

Wannan ita ce mai haɗari, don mutum na ganin baƙin ekran sai ya ɗauka komai ya mutu. Sau da yawa gilashin ne kaɗai ya tafi, injin ciki, wanda ake kira plaket, yana raye da duk hotunanka. Wani maƙwabcinmu ya taɓa sayar da irin wannan a matsayin matacciya, bayan wata biyu wani baƙo ya kira ƙanwarsa yana kwatanta mata hotunan bikinta. Wanda ya saya ekran kawai ya canja.

Hanya mafi kyau ita ce ka je wurin mai gyara da kanka, ka roƙe shi ya jona mata ekran na gwaji kana tsaye, ka kwashe abinka, ka goge a gabanka, ka biya shi ladan aikinsa. Haka na yi da Tecno ɗina, hotunan suna suka dawo. Zuwa da kai ya fi saƙo, kada ka bar ta ta kwana a shago. Idan ta ƙi tashi ko da hakan, ka shiga asusunka na Google daga wata waya, ka cire ta daga jerin na'urorinka, ka canja kalmar sirri, haka ma Facebook. In kuma ka san akwai abin da ba ka son kowa ya gani har abada, ka sa mai gyaran ya nuna maka ƙwayar ajiya a jikin plaket ya fasa ta kana kallo. Farashi zai faɗi zuwa na sikeli, amma za ka yi barci.

Shaidar cewa taka ce

Ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, mai alƙaluma 15, biyu idan wayar mai layi biyu ce. Ka rubuta. Idan kwali yana nan ka gwada lambar da ke jikinsa da ta wayar, ka tafi da shi, da rasit idan bai ɓata ba. Mai shagon kirki yana tsoron kayan sata, domin sayen su laifi ne da ke kai mutum kwamisariya, saboda haka waya mai kwali ta fi shiga ransa kuma ta fi tsada. Idan ya nemi ganin katin ɗan ƙasarka kada ka ji haushi, alama ce ta mai kiyaye sana'arsa. Wanda bai tambayi komai ba shi ya fi ba ni tsoro.

Wace ƙofa?

Mai aiki lafiya, ka fara da na kusa: abokan aiki, ƴan fada, dangi, ko ka ɗora hotonta a matsayinka na WhatsApp. Sayarwa kai tsaye ga mai amfani ta fi kawo kuɗi, don babu ribar ɗan tsakiya. Illarta ɗaya ce, ɗan uwa yakan ce "sai ƙarshen wata", watan kuma ba ya ƙarewa. In kana son kuɗi hannu, sai masu tebur da shagunan waya na kewayen Babbar Kasuwa. Akwai kuma musaya, ka ba da tsohuwa ka cika kuɗi ka karɓi wata. A nan ka fara tsayar da farashin wadda za ka karɓa kamar da tsabar kuɗi za ka saya, sannan ka fito da taka. Idan aka cakuɗa lissafin biyu ba za ka gane inda aka ci ka ba.

Abu guda da ke karya farashi ba tare da mutane sun lura ba shi ne WhatsApp. Tun Oktoba 2023 ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0, a 2025 kuma ya bar iPhone da ba ta kai iOS 15.1 ba. Wayar da ba ta ɗaukar WhatsApp a garin nan, komai kyan jikinta, ta koma sahun kayan gyara.

Mai aibi, ƙofarta mai gyara ce. Shi ba waya yake gani ba, ekran yake gani, da kamara, da lasifika, da ramin caji, da plaket. Samfurin da ya cika gari ya fi saurin shiga, shi ya sa Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk kamfanin Transsion na Shenzhen a China ke ƙerawa, ba sa rasa mai nema. Kafin ka sallama ka tambayi nawa gyaran zai ci. A ce ekran zai ci jika 12, wayar kuma da gyara za ta yi jika 30, a fashe ana taya ta jika 8: gyara ya fi. Idan ratar ba ta wuce jika biyu ko uku ba, ka sayar yadda take ka huta, don ekran ɗin da za a sa mata ba lallai ya kai na asali ba.

Matacciya ta gaske, wadda ruwa ya cinye ko plaket ya ƙone, ita ce ta masu sake sarrafawa. Kasuwar Katako ita ce cibiyar wannan sana'a a Yamai, inda tsohon ƙarfe da gwangwani ke komawa tukunya da murhu. Akwai masu sayen plaket, wasu da ɗai-ɗai, wasu da awo. Su ma tarawa suke su sayar wa na gaba, har kayan ya kai masana'antun narkarwa na waje, irin ta Umicore da ke Hoboken a Beljiyam, inda ake raba tagulla da azurfa da zinariya. Kamfanin Orange da ƙungiyar Emmaüs International sun fara buɗe wuraren tara matattun wayoyi a Afirka daga Burkina Faso a 2010, Nijar na cikin ƙasashen da shirin ya shiga daga baya, aka riƙa loda abin da aka tara zuwa Faransa.

Maganar zinariya gaskiya ce, amma kada ta ɗauke maka hankali. Abin da ke cikin waya guda bai wuce kusan giram 0.03 ba, wato sai ka tara talatin da wani abu kafin ka haɗa giram ɗaya, shi ma sai da injinan da babu su a unguwa. Japan da ta ƙera lambobin yabo na wasannin Olamfik na Tokyo 2020 daga tsoffin na'urori, sai da ta tara waya sama da miliyan 6 haɗe da tan dubbai na wasu kayan lantarki, kafin ta samu kilo 32 na zinariya. Gwangwanin madararka ba mahaƙar zinariya ta Jado ba ne. Amfanin sanin wannan shi ne ciniki: plaket ne mai kuɗin, roba da gilashi kusan banza ne, kuma tari ya fi ɗai-ɗai. Ka haɗa na gidanku da na maƙwabta ku kai gaba ɗaya, ku tambayi mutum uku kafin ku sauke. Wanda ke yawo da kura ƙofa-ƙofa dole ya taya ƙasa, don shi ma can zai kai ya ci ribarsa. Ban ga laifinsa ba, rana yake sha.

A bakin tebur

Ka goge wayar da ƙyalle, ka cika ta da caji, ka tafi da safe kafin kasuwa ta rikice. Ka faɗi aibinta da bakinka tun farko. Mai saye zai gano ko ba ka faɗa ba, kuma aibin da ya gano da kansa ya fi wanda ka faɗa cin kuɗi. Bar shi ya gwada a gabanka: kira, kamara, lasifika, taɓa kowane lungu na ekran, caji. Yawancin Samsung na buɗe shafin gwaji da *#0*#. A iPhone zai duba lafiyar batiri, ƙasa da kashi 80 kuma sai ya rage.

Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne "bari in kai wa maigidana ya gani". Waya ba ta barin idonka sai kuɗi ya shiga hannunka. An sha dawo wa mutane da tasu bayan minti goma an ce ba a daidaita ba, alhali an musanya batiri ko ekran a bayan shago.

Ka bar shi ya fara tayawa. In ya yi ƙasa ka ce "albarka, Malam", ka miƙa hannu ka karɓi abarka ba tare da faɗa ba. Sau da yawa ba ka kai tebur na uku ba za ka ji "yayana, dawo mu yi magana". Kuma a tantance harshen kuɗi, dala ake nufi ko sefa, don "ɗari biyar" a bakin ɗan kasuwa dala ce, wato sefa 2,500. Idan dillali ya shiga tsakani, a yanke la'adarsa da wanda zai biya tun kafin a sallama.

Tsabar kuɗi ka ƙirga a wurin, ka ɗaga takardun jika biyar da jika goma ka duba su a haske. Idan turowa za a yi, saƙon da ya shigo ba hujja ba ne, ana ƙirƙirar irinsa. Ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin ya ƙaru. Ga waya mai tsada, ku rubuta ƴar takarda: kwanan wata, samfuri, IMEI, farashi, sa hannun ku biyu, kowa ya ɗauki hotonta. Ranar da aka kama wayar a wani hannu cikin wata rigima, takardar nan ce za ta nuna tun yaushe ta bar naka.

Batirin da ya kumbura

Batirin litiyam ba ya son zafi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu Yamai na wuce digiri 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano. Wanda ya kumbura iska ce ta taru a cikinsa, in aka huda shi ko aka matse yana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Kada ka danna shi don ya koma, kada ka sa shi a aljihu ko ƙarƙashin sirdin babur. Ka liƙe bakin ƙarfensa da salatif, ka sa shi cikin gwangwani mai yashi, a inuwa, nesa da yara da gas, har ka kai wa mai gyara ko mai tara batura. Ba na bola ba ne, domin bolarmu wuta ake cinna mata, ba na masai ba ne kuma.

Haka ma ƙona plaket ko wayoyin caji a gida don fitar da tagulla. Hayaƙin na ɗauke da gubar dalma da wasu sinadarai masu cutar da huhu da ƙwaƙwalwar yara. Ƴan ci-ranin da suka zauna Accra sun san yadda Agbogbloshie, wurin ƙona sharar lantarki, ta kasance kafin a rushe ta a 2021. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta fitar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kashi 22.3 cikin ɗari kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida, a Afirka kuwa bai kai kashi 1 ba.

Daga cikin bakwai ɗina, Infinix ta tafi hannun wani abokin aiki, Tecno da Itel guda suka tafi wurin mai gyara, Samsung ta wanki da Itel ta biyu da mai kumburin, bayan an zare mata batiri, suka hau sikeli a Katako. Abin da na haɗa ya biya kuɗin motar da ta kwashe mana kaya zuwa sabon gida, har da ragowar cefane. Nokia mai tocila kuwa uwargida ta hana a taɓa, ta ce ranar da aka ɗauke wuta ita kaɗai ke kwana uku da caji guda.